Wa Ke Kula da Hankalin Ɗan Sanda? Tambayoyi da Amsoshi

Cikin buƙatu biyar da masu zanga-zangar EndSARS suka gabatar a watan Oktoban 2020, har da cewa a duba lafiyar ƙwaƙwalwar jami'an SARS, sashen 'yan sanda mai yaƙi da fashi da makami, kafin a sake tura su wani aiki. A lokacin ne mutane da yawa suka fara jin an haɗa ɗan sanda da likitan ƙwaƙwalwa a magana ɗaya, kuma akasari sun ɗauke ta a matsayin hukunci. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan batu, idan aka dube shi ta fuskar jinya.

Ai kowa a ƙasar nan cikin damuwa yake. Me ya sa za a ware ɗan sanda?

Saboda abin da wani zai gani sau ɗaya a rayuwarsa ya kasa mantawa, shi aikinsa ke nan. Shi ake kira idan tirela ta murƙushe motar fasinja, shi ke tsayawa a kan gawar da aka tsinta a kango, shi ke ɗaukar bayanin yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Da ya gama kuma a ce ya koma bakin shinge.

A Arewa abin ya wuce haka, don ɗan sanda ya daɗe da zama abin farauta. A ranar 16 ga Yunin 2011 aka kai harin bam hedikwatar rundunar a Abuja. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 aka kai hare-hare Kano, aka rasa rayuka fiye da 180, kuma ofisoshin 'yan sanda ne kan gaba a wuraren da aka nufa, ciki har da hedikwatar shiyya ta ɗaya da ta Bompai. A watan Mayun 2013 aka yi wa gomman jami'ai kwanton ɓauna a Alakyo ta jihar Nasarawa. Ana ƙirga waɗanda suka rasu a yi musu addu'a. Waɗanda suka tsira, suka kwashi gawawwakin abokan kwanansu, ba kasafai ake sake waiwayarsu ba, alhali da yawansu har yau suna cikin kaki, da bindiga a kafaɗa.

Sai kuma wahalar yau da kullum wadda ba ta shiga labarai: aikin dare a jere, canjin wurin aiki ba shiri, iyali a Katsina shi yana Fatakwal, ɗaki ɗaya a bariki da 'ya'ya biyar, albashin da kan ƙare kafin tsakiyar wata, da sanin cewa mutanen da yake gadi ba sa ƙaunarsa.

Ta yaya ciwon yake bayyana?

Da wuya ka ji Kofur ko Sajan ya ce yana da ciwon damuwa. Abin da zai ce shi ne ba ya samun barci, ko kansa na yi masa nauyi, ko ƙirjinsa na bugawa, ko a auna masa hawan jini. Matarsa ce za ta ba ka sauran labarin: yana zabura cikin dare da gumi, ƙarar fashewar taya na sa ya kwanta ƙasa, ya daina zama da yara, abu kaɗan sai faɗa.

Likitoci sun fi cin karo da abubuwa huɗu a irin wannan aiki. Akwai ciwon firgicin bayan tashin hankali, wanda suke taƙaitawa da PTSD: abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a ido da mafarki, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, jikinsa kullum a ɗarare. Akwai ciwon damuwa mai kashe zuciya, da fargaba mai yawa, sai shaye-shaye. Na ƙarshen nan sau da yawa magani ne mutum ya haɗa wa kansa: tiramol don ya iya tsayuwar dare, diyazafam ko giya don barci ya zo.

A sani, firgita da rashin barci na 'yan kwanaki bayan mummunan lamari ba cuta ba ce, kuma yawancin mutane kan warware da kansu. Idan abin ya haura wata guda, ko ya fara taɓa aiki da zaman gida, lokacin ganin likita ya yi.

Me rundunar 'yan sandan Najeriya ta tanada?

A takarda akwai abubuwa. Rundunar na da sashen lafiya nata, da asibitoci irin na Garki a Abuja da na Falomo a Legas, da ƙananan asibitoci a hedikwatocin jihohi, da kamfanin inshorar lafiya na 'yan sanda. Bayan rusa SARS ranar 11 ga Oktoban 2020, Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya umarci jami'anta su hallara a Abuja a duba jikinsu da hankalinsu, aka kuma sanar da wani sashen ba da shawara da tallafi ƙarƙashin ɓangaren lafiya na rundunar, wanda aka ce zai ƙunshi likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da limamai da fastoci. Ga kuma masallatai da coci-coci na bariki, da ƙungiyar matan 'yan sanda ta POWA.

Matsalar ita ce nisa. Sashe a Abuja bai da amfani ga ɗan Mofol da ke dajin Zamfara. Ƙasar ma baki ɗaya a ƙarance take: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kokawa cewa 'ya'yanta da ke aiki a cikin gida ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Don haka jami'in da ke Arewa asibitocin da kowa ke zuwa su ne nasa: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na tarayya da ke Maiduguri, Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika.

To, me ke hana su zuwa?

Tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Tun daga kwalejin horo ake koya wa kurtu cewa namiji ba ya raki. Wanda ya ce wa Oga ba ya iya barci, amsar da yake tsammani ita ce, "Kai kaɗai ka ga gawa?" Bariki kuma ba a ɓoye magana. Idan aka ga mutum a layin Dawanau da safe, kafin la'asar matan maƙwabta sun ji, gobe a makaranta a ce wa ɗansa ɗan mahaukaci. Sannan yana lissafin abin da zai biyo baya: a karɓe bindiga, a cire shi daga wurin da yake samun ɗan alawus, a tsallake sunansa ranar ƙarin girma, a rubuta a fayil abin ya bi shi har ritaya.

A ganina duk wani shiri da bai fara da warware wannan tsoron ba, ɓata kuɗi ne. Ana iya gina ofis mai kyau, a sa kujeru da fanka, amma muddin ƙofarsa na kallon ofishin DPO, ko mai ba da shawarar yana kai rahoto ga wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girma, kujerun za su yi ƙura.

Doka ta ba shi kariya?

Ta ba shi, gwargwado. A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawa. Sabuwar dokar ta hana nuna wa mai irin wannan lalura wariya, har a wurin aiki, ta kuma tabbatar masa da haƙƙin a rufa masa asirin jinyarsa.

Amma gaskiya ɗaya ce: likita na iya ba da shawarar a raba mutum da bindiga na wani lokaci, idan ya ga hatsari gare shi ko ga jama'a. Wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a mai da hutun jinya ya zama tabon dindindin. Wanda ya karye a ƙafa ana ba shi aikin ofis har ya warke, ya koma sintiri ba wanda ya tuna. Haka ya kamata a yi wa wannan.

Addu'a da ruƙiya ba su wadatar ba?

Ba wanda ya ce a bar addu'a. Mutum mai imani yakan fi jure musiba, kuma limamin bariki shi ne sau da yawa mutum na farko da jami'i zai iya buɗe wa cikinsa. Inda ake kuskure shi ne a ɗora komai kan sammu ko aljanu, a shekara ana yawo tsakanin masu magani, ciwo na ƙara kama jiki. Malamin da ya san aikinsa zai yi wa mutum tofi, ya kuma ce masa gobe ya tafi asibiti. Da za a koya wa limamai da fastocin bariki alamomin da ke nuna abu ya fi ƙarfin nasiha, da an yi rabin aikin da kuɗi kaɗan.

Wane irin magani ake yi a asibiti?

Ga ciwon firgici, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da shawara shi ne jinya ta tattaunawa da ƙwararre, inda ake bi da mutum a hankali ya fuskanci abin da ya faru har ya daina razana shi. Akwai kuma ƙwayoyin ciwon damuwa, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, ba a kuma yanke su kwatsam. Hukumar ta yi gargaɗi kan ba wa wanda ya fito daga tashin hankali ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam. Yawancin masu jinya ba a kwantar da su, daga gida suke zuwa.

Bayan an kai hari, ba sai a tara jami'ai kowa ya amayar da abin da ke ransa ba?

An daɗe ana yin haka a Turai da Amurka, sai bincike ya nuna cewa zama ɗaya na tilas ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yakan fama shi. Abin da ya fi shi ne a ba mutum abinci da barci da damar ganin iyalinsa, a bar ƙofa a buɗe ga mai son magana, a sake duba shi bayan 'yan makonni.

Yaya wasu ƙasashe suke yi?

A birnin New York, bayan 'yan sanda 26 sun kashe kansu a shekarun 1994 da 1995, an kafa ƙungiyar POPPA a 1996. 'Yan sanda ne 'yan sa kai da aka horar suke amsa kiran 'yan uwansu, ƙungiyar kuma ba a ƙarƙashin rundunar take ba, don kada magana ta kai ga fayil. A Birtaniya, wani bincike na Jami'ar Cambridge da aka fitar a 2019, wanda kusan mutum 17,000 suka amsa, ya gano kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikatan 'yan sanda na da alamomin ciwon firgici, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba. A shekarar ce aka ƙaddamar da hukumar kula da walwalar 'yan sanda da ake kira Oscar Kilo. Rundunoni da dama a can na amfani da tsarin da suka aro daga sojojin ruwa, na horar da abokin aiki ya riƙa lura da wanda ya ga tashin hankali.

Abin ɗauka a nan ba ya buƙatar dala. A kowane caji ofis akwai wani dattijon Sufeto da kowa ke kai wa kuka. Shi za a nema a horar, a ba shi lambar likita, a kuma hana Oga tambayarsa abin da aka faɗa masa.

Wannan duk ba neman uzuri ake yi wa masu zaluntar jama'a ba?

A'a. Wanda ya harbi direba kan kuɗin shinge ya fuskanci shari'a, kuma yawancin masu ciwon damuwa ba sa cutar da kowa. Cin hanci da azabtar da wanda ake tuhuma ba ciwo ba ne, rashin hukunci ne ke renonsu. Sai dai jama'a na da riba a lafiyar mai riƙe da bindiga. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 24 ido biyu, kuzarin hankalinsa kan faɗi kamar na wanda ya sha giya fiye da ƙa'idar tuƙi. Mutumin da ke tsayar da kai da asuba a hanyar Birnin Gwari, ka fi so ya zama ya yi barci jiya. Shi ya sa tsara lokutan aiki da ba da hutun shekara a kan kari suka fi taron bita a otal amfani.

Idan miji ko abokin aiki ya fara cewa ya gaji da duniya, me za a yi?

A ɗauki maganar da gaske, musamman idan ya fara rabon kayansa, ko neman gafara ba dalili, ko ba da amanar 'ya'yansa. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a fara da wa'azin wuta, ya san hukuncin, ciwo ne ya rinjaye shi. Kada a bar shi shi kaɗai. Abu mafi gaggawa shi ne bindigar ta koma ma'ajiyar makamai ta hannun wanda ya yarda da shi, a kawar da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga ɗaki, don irin wannan yanayi yakan zo da ƙarfi ne ya lafa, kuma harsashi ba ya ba da damar nadama. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da sashen gaggawa na babban asibitin gari ne, su za su tura shi inda ya dace.

Matar da ke shan duka a irin wannan hali kuma ba a ce ta zauna ta yi haƙuri da sunan jinya ba. Ta kai kanta da yara gidan 'yan uwa tukuna, sannan a nema masa magani.