Dokar Ingila kan na'urar gano iska mai guba a gidajen haya

Kusan duk wanda ya kama haya a Ingila, ɗalibi ne ko ma'aikaci, akwai wani haƙƙinsa a wuyan mai gida da yawancinmu ba mu sani ba: na'urar da ke yin ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru a ɗaki. Iskar nan ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai wadda hayaƙin janareta ke kashe iyali guda da ita cikin barci a ƙasashenmu. A can kuwa tukunyar ɗumama gida ce kan fitar da ita idan ta samu matsala. Jini ya fi riƙe ta kan iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, mutum ya fara da ciwon kai da jiri yana zaton gajiya ce.

Dokar ta fito a 2015, amma lokacin ɗakunan da ake ƙona itace ko kwal kaɗai ta shafa. Daga 1 ga Oktoban 2022 aka faɗaɗa ta: kowane ɗakin zama mai kafaffen abin da ke ƙona mai, gas ko waninsa, tilas a sa masa na'urar, har gidajen da hukuma ke bayarwa haya. Ranar da sabon ɗan haya zai shiga, sai mai gida ya tabbatar tana aiki. In ta lalace aka sanar da shi, gyara ko sauyi nasa ne. In ya yi kunnen ƙashi, ƙaramar hukuma kan ba shi wa'adin kwana 28, sannan ta iya cin tararsa har fam 5,000.

Na'urar ba ta yin ƙara da zarar ta ji iskar, yawanta take aunawa tare da lokaci. A ma'aunin Turai na irin wannan na'ura, EN 50291, idan yawan iskar a ɗaki kashi 50 ne cikin miliyan sai an yi minti 60 zuwa 90 kafin ta yi ƙara, amma idan ya kai 300, cikin minti 3 za ta tashi gida.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne an cire murhun girki na gas daga dokar. Mu da tukunya ke daɗewa a wuta, ga tagogi a rufe saboda sanyi, gara mutum ya sayi tasa ya kafa daidai tsayin kai, mita 1 zuwa 3 daga murhun.