Waiwaye: Na'ura ce ke ganin tsaga a ƙarfe, ko mai riƙe da ita?

Tun fashewar gas ta Atomic Junction da ke birnin Accra na Ghana a watan Oktoban 2017, wadda ta kashe mutum 7, maganar lafiyar tankoki da tukwanen gas ba ta kwanta ba a Madina da Nima. Kullum abin da ake ji shi ne a sayo na'urorin zamani. Ba kasafai ake tambayar halin da mai riƙe da na'urar yake ciki ba.

Duba cikin ƙarfe ba tare da an fasa shi ba tsohuwar sana'a ce. An gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, aka juya shi kan ƙarfe. Jiragen ruwan Amurka da suka tsage a waldarsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen saman Ingila da suka tarwatse a 1954, su suka sa aka dage da inganta kayan aiki.

Abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 1989 ne aka fi mantawa. Wani jirgin fasinja ya faɗi a Sioux City ta Amurka, mutum fiye da 110 suka mutu, saboda faifan fankar injinsa, wanda aka ƙera da ƙarfen titaniyom, ya fashe a sama. Aibin daga wurin narka ƙarfen ya samo asali, amma an duba faifan har sau 6 a tsawon aikinsa. Yadda ake yi, ana shafa masa wani ruwa mai ƙyalli, a goge, sannan a haska fitila ta musamman a ɗaki mai duhu. Inda ruwan ya maƙale sai ya haskaka. Da masu bincike suka tsinto ɓaraguzan, sai suka tarar da ragowar ruwan a cikin tsagar. Wato a duban ƙarshe tsagar tana nan, ruwan ya yi aikinsa, ido ne bai kama ba. Rahoton binciken haɗarin ya ɗora laifin a kan rashin la'akari da iyakar ƙarfin ɗan Adam a tsarin duban. Mutumin da ya duba ɗaruruwan faifai bai taɓa ganin tsaga ba, zuciyarsa kan riga idonsa yanke hukunci.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. Tun 1948 masanin halayyar ɗan Adam Norman Mackworth ya nuna cewa mai sa ido kan abin da ba ya yawan bayyana, hankalinsa kan fara raguwa bayan rabin awa kacal.

A nan Ghana ana koyar da wannan aiki na duba ƙarfe a cibiyar nukiliya ta Kwabenya, kuma ƙa'idar ISO 9712, wato ƙa'idar duniya ta bai wa masu wannan aiki takardar shaida, ta wajabta gwada idon ma'aikaci duk shekara. Sai dai takardar shaida ba ta nuna awa nawa ya tsaya a rana a garin Tema mai tashar jiragen ruwa, ko ya samu barci, ko yana iya cewa "Alhaji, wannan tankar ba za ta hau titi ba" alhali shi Alhajin ne zai biya shi kuɗin aikin.