Mene ne FUP da ke maƙale a jikin data "unlimited"?

Duk wanda ya je sayen rawuta ko MiFi a 'yan shekarun nan ya ga kalmar "unlimited" ɓaro-ɓaro a jikin kwali ko a allon talla. Abin da mai saye ke fahimta shi ne data ce marar iyaka: ya biya kuɗin wata, ya yi ta kallo da saukewa har wata ya cika. Gaskiya ne ba za a katse maka intanet ba. Sai dai a ƙasan tallar akwai wasu haruffa uku da ake rubutawa ƙanana, FUP, kuma su ne za su faɗa maka yadda watan naka zai kasance.

FUP, wato Fair Usage Policy, ƙa'ida ce da kamfani ke gindayawa da sunan adalci tsakanin masu amfani. Za a ware maka wani adadi, a ce giga 100 ko 300 a wata, wani lokacin ma adadi na kullum, wanda za ka ci da cikakken gudu. Da ka cinye shi sai a shaƙe gudun har wa'adin ya cika. Data tana nan, amma tafiyar hawainiya take yi.

Sai mutum ya san yadda ake auna gudu kafin ya gane girman shaƙar. Mbps da ake rubutawa na nufin megabit a daƙiƙa, ita kuwa data da megabayit da gigabayit ake sayar da ita, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Layin da ke gudun Mbps 20 yana sauke megabayit biyu da rabi ne a daƙiƙa, wato giga ɗaya cikin kusan minti bakwai. In aka mayar da kai kbps 512, wato kusan rabin Mbps ɗaya, wannan gigar sai ta ci fiye da awa huɗu. Saƙon WhatsApp zai wuce, na murya ma zai lallaɓa ya tafi. Amma ka buɗe bidiyo, da'irar nan ce za ta yi ta juyawa a tsakiyar allo, a kiran bidiyo kuma fuskar abokin maganarka ta daskare baki buɗe.

Kuma adadin ba ya daɗewa kamar yadda ake zato. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon HD na iya cin giga 3 a awa, 4K kuma har giga 7. Gidan da ake kallon awa uku kullum a HD zai iya cinye giga 100 cikin kwana 11, ba a ma lissafa wayoyin yara da ke sabunta manhajoji da kansu da zarar sun kama wayfay ba.

Kamfanonin suna da hujja, kuma ba ƙarya ba ce. Turken sadarwa ɗaya ne ke ɗaukar unguwa guda, kamar famfon tuƙa-tuƙa: in mutum ɗaya ya jera jarkoki hamsin, sauran sai jira. Zangon iskar da ake aika data ta cikinsa ƙayyadadde ne, da tsada kuma ake samunsa. A gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi a Disambar 2021, MTN da Mafab kowannensu ya sayi lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6. Wannan rabon turke ɗaya tsakanin jama'a ne ma ya sa sabis ke nauyi bayan isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya kama waya, shi ya sa kuma a talla ake cewa "har zuwa" gudu kaza. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cika allo da "unlimited", a tura sharaɗin can ƙasa inda sai an ƙura ido.

Tun da NCC ta amince da ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kuskuren zaɓen ƙunshin data ya ƙara ciwo a aljihu. Lissafin mai sauƙi ne: raba kuɗin da adadin gigar da ke da cikakken gudu. A misali, "unlimited" na naira 30,000 mai FUP na giga 150 ya kama naira 200 kowace giga. Ƙunshi mai iyaka na giga 200 a wannan kuɗin ya kama naira 150, ya fi araha ga mai yawan kallo. Wanda aikinsa saƙonni ne da karatu, shi zai fi morar ƙunshin da ba ya yankewa.

Kafin ka biya, ka sa mai shago ya nuna maka a rubuce giga nawa ne FUP ɗin, na wata ne ko na kullum, da gudun da za a mayar da kai bayansa. In an sayar maka da abin da ya saɓa wa rubutun, kamfani kuma bai saurare ka ba, NCC na karɓar ƙorafi kyauta a lamba 622.