Manhajar lissafin shago: tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Sana'ata sa wa 'yan kasuwa manhajar lissafi a nan Katsina. Tambayoyin nan na amsa su a shago, na amsa a waya, har a wurin ɗaurin aure an tare ni da su. To ga su a rubuce.

Wace manhaja ce ta fi kyau?

Babu ita. Mai kemis yana son wadda za ta tuna masa ranar da magani zai lalace, ɗan sari yana son wadda ta san kwali da dozin da ɗaiɗai. Faɗa mini abin da kake sayarwa tukuna.

Ina da POS, bai isa ba?

Bai isa ba. Alat yana nuna maka kuɗi sun shigo ne kawai. Bai san buhu nawa ya rage a sito ba, bai san wanda ya ɗauki kaya bashi ba.

Excel fa, manhajar nan ta jera lissafi layi-layi a kwamfuta?

In ke kaɗai ce a shagonki, Hajiya, ya ishe ki, kada wani ya sa ki jin kunya. Amma da zarar yara biyu ko uku sun fara shigar da ciniki, a bar shi. Kowa zai iya goge layi, kuma ba za a san wanda ya goge ba.

Za ta hana yarana taɓa mini kuɗi?

Alhaji, kai da ka ba yara huɗu lambar sirri ɗaya, har ka rubuta ta a bango? Kowane yaro da tasa, rage farashi da soke rasit kuma su tsaya a hannunka. In ba za ka yi haka ba, kada ka ɓata kuɗinka.

Wadda ke kan intanet zan ɗauka ko wadda ke zaune cikin kwamfutar shago?

Nan kam ba zan yanke maka kai tsaye ba, don shekarar 2021 kaɗai ta nuna mana haɗarin kowanne. A watan Maris gobara ta tashi a babbar kasuwar Katsina. Wanda duk lissafinsa ke cikin kwamfuta ɗaya a shago, in wuta ta ci ta, ta tafi da sunayen masu bashinsa. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi da Jibiya. Mai manhajar da ba ta motsi sai da sabis, ko rasit ba zai iya yankawa ba a irin wannan hali.

Ga kuma batun biya. Na ƙasashen waje irin su QuickBooks kuɗin wata-wata ake biya, galibi da dala, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun daga watan Yunin 2023. Ta cikin kwamfuta sau da yawa biya ɗaya ce, sai dai in ta lalace sai wanda ya sa maka ita ya zo da ƙafarsa, ga wutar KEDCO da ba a dogara da ita, dole sai da sola ko inbata.

Abin da na fi karkata gare shi, wadda ke aiki ba sabis, in ya dawo ta tura komai kan intanet. Ko ita ma da sauranta: in kana da shago a Katsina da wani a Daura suna ɗiba daga sito ɗaya, za a iya sayar da kwali ɗaya sau biyu kafin lissafin shagunan ya haɗu. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, kashe data a gaban mai sayar maka, ka ce ya yanka rasit. Sannan ya fitar maka da jerin kayanka da masu bashinka zuwa Excel kana kallo. In ya fara kame-kame, tashi ka tafi.

Tana lissafa harajin VAT?

Yawancinsu suna yi. Duba an sa kashi 7.5 cikin ɗari.

Ban iya kwamfuta ba, zan iya kuwa?

Za ka iya, Baba, kwantar da hankalinka. Wanda ya koyi taransifa lokacin ƙarancin takardun kuɗi a 2023 ya wuce abin da ya fi wannan wuya.

Yaushe za ka zo ka sa mini?

Ranar da ka yarda ka rufe shago yini guda a ƙirga kaya kaf, a kuma tsarkake littafin bashi. Kuma kada ka kira ni ana saura mako guda sallah.