Ƙwarin da kyamarar lambu take ɗauka: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Wannan farin dunƙulen da ya fito a hoton dare, aljani ne?

A'a. Ƙwaro ne ya gitta dab da gilashin kyamara, fitilunta na infared, masu hasken da idon mutum ba ya gani, suka dallare shi. Ku daina tsorata iyalanku.

Doguwar sandar nan mai fukafukai da yawa fa?

Ƙwaro ɗaya ne yana tashi. Da dare kyamara takan daɗe kafin ta gama ɗaukar hoto, sai kaɗa fiffikensa ya fito a jere.

Me ya sa ƙwari ke wucewa kyamarar ba ta ɗauka?

Domin motsin abu mai ɗumi take ji, irin bushiya, mage ko ɓera. Zafin jikin ƙwaro kusan ɗaya yake da na iska. Ku saita ta ta riƙa ɗauka da kanta duk minti ɗaya, ku nufe ta da fure guda.

Ta yaya hoton zai fito tas?

Yawancin waɗannan kyamarori ba sa fayyace abin da ya matso ƙasa da mita ɗaya. Ku ciro gilashin tabaran karatu ku manna a kan idon kyamarar. Mai lamba +2 yana fayyace abu a nisan santimita 50, mai +3 a santimita 33. Ku rage ƙarfin fitilun da farin salatif, ku ajiye rula a wurin. In babu ma'auni, ba a sanin girman ƙwaro, kuma girma rabin ganewa ne.

Na ga wani ƙwaro yana shawagi a kan masarata da tumatirina. In yi feshi?

Dakata tukuna, malam. Mai yiwuwa ɓarnar gaske ce ke tafe, amma hoton dare shi kaɗai bai isa hujja ba. Baƙi da fari yake fitowa, launin fiffike da zanensa duk sun ɓace, ga shi ƙwarin dare masu kama da juna suna da yawa, wasu ma furanni suke yi wa barbara. In faɗin fukafukansa ya kai santimita 3 zuwa 4 kuma a kan masara yake, yana iya zama uwar tsutsar nan mai cinye masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016. Yana iya zama wani daban. Tabbacin yana cikin gona: da sassafe buɗe zuciyar masarar, nemi kashi mai kama da garin katako, ka dubi tsutsar. A kanta akwai zanen Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe jere a siffar murabba'i. Ƙwaron tumatir kuwa, mai suna Tuta absoluta, tsawonsa bai wuce milimita 7 ba, da wuya kyamara ta nuna shi. Ganye ake dubawa, a ga ko an cinye cikinsa ya bar fatar sama kamar leda. In an ga haka, a nuna wa malamin gona kafin a sayi magani. Feshi a kan zato asarar kuɗi ce, kuma ƙudan zuma ne ke fara mutuwa.

Fara ce ko gyare?

Ku dubi siraran gashin nan biyu na kai. Na fara gajeru ne, na gyare sun kai tsawon jikinsa.

Bayan ruwan farko hotuna sun cika da ƙwari. Annoba ce?

Ku kwantar da hankali. Shinge ne ya fito daga suri, da safe za ku tarar da fukafukansa a zube.

Manhaja za ta iya gane min shi?

iNaturalist tana taimakawa in hoton rana ne mai launi, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, da wuri da kwanan wata. Amsarta ta farko zato ce, ku jira masana su tabbatar.

Farin zaren da ke rawa a bidiyo fa?

Saƙar gizo-gizo ce a bakin gilashi. Ku share da burushi mai laushi duk mako.