Gidan Tarihi da Kasuwar Tsaraba a Birnin Tunis: Tambayoyi da Amsoshi

Wanne ya kamata baƙo ya fara ziyarta, gidan tarihi ko kasuwa?

A ganina gidan tarihi ne ya kamata ya zo farko, domin wanda ya ga aikin hannu na asali ya ƙare masa kallo, da wuya a sayar masa da jabu a kasuwa. A Tunis, babban birnin Tunisiya da ke gaɓar Bahar Rum, wurin farawa shi ne gidan tarihi na Bardo, wanda a da fadar sarakunan ƙasar ce, kafin a buɗe shi ga jama'a a shekarar 1888. Ba a buɗe shi ranar Litinin, saboda haka sai a tsara tafiya da sanin wannan.

Me ake gani a Bardo?

Abin da ya yi masa suna shi ne zane-zanen zamanin Rumawa, waɗanda aka haɗa da ƙananan duwatsu masu launi, aka jera su ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da siffar kifaye, jiragen ruwa, mafarauta da manoma. Yawancinsu daɓen gidajen attajirai ne da aka ɗauko daga tsofaffin garuruwan ƙasar. Akwai kuma ɓangaren Musulunci, da ɗakunan fadar kanta masu ado a bango da rufi, waɗanda su kaɗai ma sun isa kallo. Wanda yake da sauran lokaci sai ya hau jirgin ƙasa zuwa kangon Kartaj, birnin da Rumawa suka rushe a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ina ake samun tsaraba ta kirki?

A tsohon gari ake samu, inda kasuwanni suka kewaye masallacin Zaituna, kowace sana'a da layinta. Masu turare su ne dab da masallacin. Gaba kaɗan akwai kasuwar Barka, inda ake sayar da zinariya a yau, amma ya kamata baƙo ya san cewa nan ce kasuwar bayi har zuwa 1841, lokacin da Ahmad Bey, sarkin ƙasar na wancan zamani, ya rufe ta, kafin ya haramta bauta a 1846. Da yawa daga waɗanda aka sayar a wurin ta hamada aka kai su daga ƙasashenmu, don haka ba wurin da za a wuce da gaggawa ba ne.

Layin da Bahaushe zai fi jin kamar yana gida shi ne na masu hula. Jar darar da ake naɗa rawani a kanta, a nan ake yin ta, kuma har yanzu Nijeriya da Nijar suna cikin manyan masu sayenta. Da ulu ake saƙa ta da girma, a jiƙa ta a buga har ta tsuke ta yi kauri, a taje ta, a rina, sannan a ɗora ta a kan abin da zai ba ta siffar hula ta bushe. Sana'ar ta bunƙasa ne a hannun Musulmin da aka koro daga Andalus a ƙarni na 17. Bayan hula, akwai tangaran na garin Nabul, da dardumar Ƙairawan, da cokula da akusa na icen zaitun.

Yaya ciniki yake?

Ana tayawa kamar yadda aka saba a gida, kuma kuɗin farko da ɗan kasuwa ya ambata ba shi ne na sallamawa ba. Abin lura shi ne kuɗin ƙasar dinari ne, kuma dinari ɗaya milim 1000 ne, don haka sifili uku a jikin kaya kada su ruɗa mutum. A juya kaya a duba bayansu, a tambayi inda aka yi su, domin an cika rumfuna da kayan masana'anta da aka shigo da su daga waje.

Akwai abin da ba a fita da shi daga ƙasar?

Akwai. Doka ta hana fitar da kayan tarihi, saboda haka duk wanda ya tari baƙo a kango da tsohon tsabar kuɗi ko guntun dutse mai zane, a ba shi haƙuri a wuce: in jabu ne an yi asara, in na gaske ne kuma a faɗa hannun kwastan. Haka kuma ba a fita da dinarin ƙasar, sai a canja ragowar kafin a bar filin jirgi, tare da nuna takardar canjin farko. Turare da man zaitun da suka wuce mililita 100 kuwa, a sa su cikin babbar jaka, ba ta hannu ba.