Oga Ya Kira Ƙarfe Goma Na Dare: Dole Ne In Ɗauka?

Mene ne wannan haƙƙin kashe waya da ake ta magana a kai?

Shi ne ma'aikaci ya samu damar ƙin amsa kira ko saƙon ofis bayan an tashi aiki, ba tare da an hukunta shi ko an danne masa ƙarin girma ba. Wanda ya bar ofis a Garki da ke Abuja ƙarfe biyar, cunkoson Nyanya ya riƙe shi har Isha'i kafin ya kai Mararaba, ya san zafin abin: ko takalmi bai cire ba, zauren WhatsApp na ofis ya fara ƙara.

Akwai ƙasar da ta mayar da shi doka?

Akwai. Tun 1 ga Janairun 2017 Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da wakilan ma'aikata su tsara ƙa'idar amfani da waya da imel bayan aiki. Fotugal ta fi tsanani: a 2021 ta hana mai kamfani tuntuɓar ma'aikaci lokacin hutunsa sai da babbar larura, har da tara. Ita kuwa Ostareliya, daga Agustan 2024, ba ta hana oga kira ba. Ma'aikaci ta ba damar yin shiru, sai fa idan shirun nasa ya saɓa wa hankali. A ganina wannan ya fi dacewa da mu, domin babu dokar da za ta hana ogan Najeriya danna waya.

To, a Najeriya fa?

Babu dokar da ta ambace shi kai tsaye. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya bar tsayar da lokutan aiki ga yarjejeniya, ya ɗauki abin da ya haura a matsayin ƙarin lokacin aiki, ya kuma tanadi hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Ga inda gizo ke saƙa: "ma'aikaci" a wannan doka bai haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, alhali su waya ta fi addaba. Kariyarsu tana cikin takardar ɗaukar aikinsu, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke duba irin wannan rikici.

Likita ko direban ofis ma sai ya kashe waya?

A'a. Wanda aka sa a jiran kira yana bakin aiki ne. Abin nema shi ne a rubuta ranakun jiran, a biya shi.

Yaya zan yi ba tare da na rasa aikina ba?

Kada ka yi fito-na-fito kai kaɗai. Ta hannun ƙungiyarku ya fi, a nemi ƙa'ida a rubuce wadda ta fayyace me ake kira gaggawa. Kafin nan, amsa ɗaya cikin ladabi ta isa: "Ranka ya daɗe, na ga saƙo, da safe zan fara da shi." Ka kuma adana saƙonnin da lokutansu, domin su ne shaidarka in magana ta kai kotu.